Maƙamat na Larabawa da Kunnen Bahaushe: Abin da Manhaja ke Koyarwa da Abin da Ba Ta Koyarwa

Lacca ga ɗalibai da ma'aikata a Ƙaura Namoda

Gabatarwa



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, suka kuma ba ni damar yin magana a cikinsa. Na san wani zai tambaya a ransa, me ya haɗa malamin Hausa da kiɗan Larabawa, sa'an nan me ya haɗa kiɗan Larabawa da Ƙaura Namoda? Bari in amsa da abin da na gani da idona a cikin wannan gari.

Kwanakin baya na sauka a gidan wata 'yar'uwata. Bayan sallar asuba sai na ji ɗanta, yaro mai kimanin shekara 15, yana ta maimaita layi guda da rera murya, idonsa a kan wayar hannu. Na tambaye shi abin da yake yi, sai ya ce, "Kawu, Bayati nake koyo, amma ya gagare ni." Da na duba sai na ga malamin da yake kwaikwayo a cikin wayar dattijo ne mai kaurin murya, shi kuwa yaron muryarsa siririya ce. Yana ta danne maƙogwaro domin ya sauka inda dattijon yake, ita kuma manhajar tana nuna masa jan layi, alamar bai dace ba. A zatonsa Bayati yana zaune ne a can ƙasa inda malamin ya fara, wanda bai kai wurin ba kuwa bai yi Bayati ba.

Wannan kuskure shi ne tushen laccata. Zan yi ƙoƙarin nuna cewa maƙam tsari ne na tazara tsakanin sautuka, ana iya ɗaukarsa a kai shi sama ko ƙasa ba tare da ya ɓaci ba. Cewa manhaja tana taimakawa ƙwarai wajen gane haka, amma tana da iyaka. Kuma cewa Bahaushe, musamman na wannan yanki, ya riga ya san wannan ilmi a cikin harshensa da kiɗansa.

Mene ne Maƙam?

Kalmar maƙam da kalmarmu ta muƙami tushensu ɗaya, watau matsayi ko wurin tsayuwa. A ilmin kiɗan Larabawa ana nufin tsarin sautukan da mai rerawa yake takawa, kamar yadda ake taka tsani, tare da al'adar yadda ake hawa da sauka a kansa.

Idan ka kaɗa tsirkiya, sa'an nan ka danne ta a tsakiya daidai ka sake kaɗawa, za ka ji sautin farko ya dawo, sai dai ya fi siranta. Na ƙasa Larabawa suna kiransa ƙarar, na sama kuwa jawab, watau amsa. Abin da ke tsakaninsu za mu kira shi zango. A shekarar 1885 wani Bature ɗan Ingila, Alexander Ellis, ya raba zango kashi 1200 domin sauƙin awo, kuma a nan za mu kira kowane kashi ɗigo. Fiyano ta Turawa ta raba zango gida 12, kowane gida ɗigo 100. Cikakken taki gida biyu ne, ɗigo 200 ke nan, rabin taki kuwa ɗigo 100.

Larabawa suna da waɗannan, amma suna da wani taki na uku wanda fiyano ba ta da shi. Ya fi rabin taki, bai kai cikakke ba, wajen ɗigo 150. Shi ne gishirin kiɗansu, kuma shi ne abin da ya fi wahalar da mai koyo.

Ba a gina maƙam gaba ɗaya. Ana haɗa shi ne da ƙananan guntaye masu sauti uku ko huɗu ko biyar, kowane guntu ana kiransa jinsi. Ga tazarar manyan jinsuna bisa ga lissafin littafi:

Rast: 200, 150, 150.
Bayati: 150, 150, 200.
Saba: 150, 150, 100.
Hijaz: 100, 300, 100.
Nahawand: 200, 100, 200.
Kurd: 100, 200, 200.
Ajam: 200, 200, 100.

Ku lura da Bayati da Saba. Takinsu biyu na farko ɗaya ne, a na uku kaɗai suka rabu, da ɗigo 100. Amma wannan ɗan bambanci shi ya sa Larabawa suke jin Saba da baƙin ciki da karayar zuciya. Ku kuma lura da Hijaz, mai tsalle guda babba tsakanin gajerun taki biyu. Wannan tsalle ne yawancinmu muke ji mu ce abin ya yi kama da na Larabawa.

Daɗin daɗawa, kowane maƙam yana da abin da suke kira sairi, watau tafiyarsa: inda ake farawa, inda ake yada zango a huta, inda ake dosa, da inda ake komowa a rufe. Mutum zai iya taka dukan sautukan Bayati daidai, amma idan bai bi sairinsa ba masana za su ce bai shiga Bayati ba tukuna.

Gardamar Awo

Tun da daɗewa malaman Musulunci suke ƙoƙarin auna waɗannan sautuka. Alkindi ya yi rubutu a kansu a ƙarni na 9. Alfarabi, wanda ya rasu a shekarar 950, ya wallafa babban littafinsa na kiɗa, inda ya bayyana wuraren ɗora yatsa a wuyan udu, watau molon Larabawa. Ɗaya daga cikin wuraren ana jingina shi ga Mansur Zalzal, makaɗin udu na Bagadaza a zamanin Abbasiyawa, kuma idan aka juya awonsa zuwa lissafinmu zai kama wajen ɗigo 355 daga sautin tushe. Safiyuddin Al'urmawi, wanda ya rasu a 1294, ya raba zango gida 17. A ƙarni na 19 kuma Mikha'il Mishaƙa, mutumin Lubnan, ya yaɗa tsarin raba zango gida 24, kowane gida ɗigo 50, wanda ake kira rubu'in taki.

A shekarar 1932 Sarki Fu'ad na Masar ya kira babban taro a Alƙahira a kan kiɗan Larabawa. Makaɗa suka zo daga Iraƙi da Sham da Tunusiya da Aljeriya da Maroko, masana kuma suka zo daga Turkiyya da Turai, cikinsu har da Béla Bartók da Henry George Farmer. Aka yi ta gardama a kan ko gidajen nan 24 daidai wa daida suke, aka tashi ba a daidaita ba. Dalili kuwa shi ne kunnen makaɗa ya ƙi yarda da alƙalamin masu lissafi. Sautin da ake kira sika, alal misali, a cikin Rast yakan ɗan fi tashi bisa ga yadda yake a cikin Bayati, kuma na mutanen Halab ya ɗan fi na mutanen Alƙahira tashi. Ina roƙon ku riƙe wannan magana, domin za mu komo gare ta.

Taswiri, Watau Sauya wa Maƙam Mazauni

Kowane maƙam yana da mazauninsa na al'ada. Rast yana zama a kan sautin da Turawa ke kira do, Bayati da Hijaz da Saba a kan re. Idan aka ɗauki maƙam ɗungum aka dasa shi a kan wani sauti, aka kiyaye dukan tazararsa, wannan shi ne taswiri.

Duk wanda ya yi zamanin kaset a cikinku ya san taswiri. Idan batir ya yi sanyi, muryar mawaƙi sai ta yi kauri ta sauka ƙasa, amma ba wanda zai kasa gane waƙar. Abin da ya faru shi ne dukan sautukan sun sauka tare, tazararsu ba ta canja ba. A nan akwai wata ƙa'ida da ya kamata ɗaliban kimiyya su lura da ita: taswiri ninkawa ne, ba tarawa ba. Idan sauti biyu suna karkarwa sau 200 da sau 300 a sakan ɗaya, aka ɗaga na farko zuwa 300, to na biyu 450 zai koma, ba 400 ba, domin nisbar 2 da 3 ita ce kunne yake ji.

Ga muryar ɗan Adam taswiri ba shi da wuya, ko'ina ka fara za ka iya ginawa. Ga kayan kiɗa ne yake da wahala. Mai busa nayi, sarewar Larabawa, yakan riƙe sarewa wajen bakwai masu tsawo daban-daban, ya ɗauki wadda ta dace da muryar mawaƙi. Mai ƙanun yana da ƙananan ƙarafa a gefen tsirkiyoyinsa da yake tayarwa ko kwantarwa. Mai udu kuwa, idan ya sauya mazauni, tsirkiyoyin da yake saki su yi amo da kansu sun canja, saboda haka launin kiɗan ma sai ya canja. Wannan ne ya sa Larabawa suke ba wasu maƙamat sabon suna idan an yi musu taswiri. Tsarin nan na Hijaz bisa Hijaz, a kan do sunansa Hijazkar, a kan re Shahnaz, a kan sol Shadd Araban, a kan la kuma Suzidil. Nahawand idan ya koma sol sai a kira shi Farahfaza. Mai koyo idan ya ga sunaye da yawa yakan firgita, alhali da yawansu 'yan gida ɗaya ne.

Kada kuma a rikita taswiri da intiƙali. Intiƙali shi ne fita daga wani maƙam zuwa wani a tsakiyar rerawa. Makarantan Masar irin su Mustafa Isma'il da Abdulbasit Abdussamad sun shahara da haka, kuma al'adarsu ce su buɗe da Bayati daga ƙasa, su ratsa Saba ko Hijaz ko Nahawand ko Rast, su komo su rufe da Bayati. Hukuncin bin maƙamat a cikin karatu magana ce ta malamai, sun kuwa yi saɓani a kanta, ni ba fagena ba ne. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne ba a karya ƙa'idar tajwidi domin daɗin murya.

Abin da Manhaja ke Koyarwa

A da, wanda yake son wannan ilmi sai ya tafi Alƙahira ko Halab ya zauna gaban malami shekaru. Yau yana cikin aljihu. Shafin Maqam World, wanda Johnny Farraj ya kafa, ya jera jinsuna da maƙamat tare da misalai na ji daga tsofaffin fayafai. A 2019 shi da Sami Abu Shumays suka fitar da littafi mai suna Inside Arabic Music a kan wannan fanni. A 2021 Khyam Allami, makaɗin udu ɗan asalin Iraƙi, ya fito da manhajar Leimma, wadda take ba mutum damar gina nasa tsanin sautuka ya saurara. Kamfanonin Yamaha da Korg suna ƙera fiyano ta lantarki domin kasuwar Larabawa, mai maɓallan da ke saukar da kowane sauti da rubu'in taki, da wani maɓalli da ke ɗaga kiɗa duka ko ya saukar da shi.

Amfanin waɗannan abubuwa uku ne a ganina. Na ɗaya, suna sa ido ya ga abin da kunne yake ji. Ni kaina a lokacin da nake karatun digiri na uku a ƙasar waje, da manhajar Praat nake auna karin sautin Hausa. Wata rana wani abokin karatuna Balarabe ya rera Rast a gabanta, muka ga sautinsa na uku ya tsaya tsakanin layi biyu na fiyano. Ranar na fahimci abin da na daɗe ina karantawa. Na biyu, manhaja kamar Audacity tana iya rage saurin rerawa ba tare da ta saukar da murya ba, ko ta ɗaga murya ba tare da ta ƙara sauri ba. Da ita na ɗaga muryar dattijon nan zuwa inda ɗan 'yar'uwata yake iya kaiwa, nan take ya bi shi ba tare da wahala ba, ya ce, "Ashe Bayatin ne dai, Kawu." Na uku, manhaja ba ta gajiya da maimaici, ba ta kuma jin haushin mai koyo.

Abin da Ba Ta Koyarwa

To, amma akwai illa. Kayan lantarki an gina su ne bisa gida 12 na Turawa. Tsarin MIDI, wanda na'urorin kiɗa suke magana da juna da shi tun 1983, a kan haka yake. Da aka zo saka rubu'in taki, hanya mafi sauƙi ita ce a rage ɗigo 50 cif. Ke nan gardamar da manyan masana suka kasa rabawa a Alƙahira a 1932, sau da yawa na'ura takan yanke ta da kanta, ta ba Rast da Bayati sika iri ɗaya, ta mai da Halab da Alƙahira gari ɗaya. Yaron da ya tashi yana bin jan layi da koren layi zai iya ƙwarewa a kan abin da babu wani gwani da ya taɓa rerawa haka.

Har wa yau, manhaja tana nuna matakan tsani, amma ba ta san sairi ba. Ba ta san inda ya kamata a ja numfashi ba, ko inda ya dace a jinkirta domin mai sauraro ya ƙosa kafin a sauke shi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A wannan fage kam, ji ne gaba da gani.

Illa ta uku ta fi kusa da mu. A ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano da Kaduna da Gusau, fiyano ta lantarki da manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, sun zama ruwan dare. Aikin Auto-Tune shi ne ta jawo murya zuwa gida mafi kusa a cikin tsanin da aka saita mata. Idan mawaƙin Hausa yana da wani sauti na gado wanda ya faɗa tsakanin gida biyu, na'ura za ta ɗauka kuskure ne ta gyara shi, mu kuwa ba za mu san mun yi hasara ba, domin ba mu taɓa auna shi ba.

Kunnen Bahaushe

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya baƙaƙensu da wasulansu ɗaya, abin da ya raba su shi ne a na farko gaɓoɓin biyu duk a sama suke, a ta biyu kuwa gaɓar ƙarshe ta faɗi. Yaro ƙarami zai faɗi kalmar da siririyar murya, tsoho ya faɗe ta da kakkaura, kowa ya gane. Haka kuma a cikin doguwar jimla murya takan riƙa gangarowa sannu a hankali, har ya zama karin sama na ƙarshen jimla ya fi karin ƙasa na farkonta sauka, amma ba mai ruɗewa. Ma'ana tana cikin tazara. Ashe kowane Bahaushe yana yin taswiri tun daga ranar da ya fara magana.

Makaɗan wannan yanki kuwa sun kai abin matuƙa. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali ta ƙasar Shinkafi, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, da kotso ya yi kiɗansa. Kotso da kalangu ganguna ne da ake matsa tsirkiyarsu sauti ya tashi, a saki ya sauka, saboda haka suna bin karin magana. Fata kuma tana jin yanayi: da damina takan saki, da bazara ta ɗaure. Makaɗi ba ya jiran wata na'ura ta ba shi sautin farawa. Inda ya ɗora murya, nan 'yan karɓi za su same shi. Haka abin yake ga Kassu Zurmi a fagen 'yan tauri, da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru a fadojin sarakuna.

Akwai wani abin lura a tarihinmu. Tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u marubuta waƙoƙinmu suke ɗora Hausa a kan ma'aunan arulin Larabci, domin aruli yana cikin littafi, ana ƙirga shi. Amma muryar da ake rera waƙoƙin da ita tamu ce, haka ma muryar Ishiriniya da ta gardawa masu karatun Warshu a tsangaya. Maƙamat ba su zo ta littafi ba, sai da rediyo da kaset suka kawo su, sa'an nan Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, ta ƙara jawo hankalin matasa ga salon makarantan ƙasashen Larabawa. Yanzu kuma ga waya.

Masu nazari sun lura cewa yawancin waƙoƙin Hausa na gargajiya a kan matakai biyar suke tafiya a cikin zango, ba bakwai ba. David Ames da Anthony King sun tattara kalmomin kiɗan Hausa a 1971, malamanmu irin su Ɗandatti Abdulƙadir da Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aiki mai yawa a kan makaɗa da tarihinsu da salon maganarsu. Mu malaman Hausa mun fi mai da hankali ga kalmomin waƙa, domin su muka iya rubutawa. Ɗalibina zai kawo mini jigo da salo da zambo na Bakandamiya, amma idan na tambaye shi matakai nawa Narambaɗa ya taka a cikinta, da tazarar da ke tsakaninsu, sai ya yi shiru. Ni ma laifin nawa ne.

Kammalawa

Saboda haka ina da shawara uku.

Ga mai koyon maƙamat: ka fara da kunne, ka saurari gwanaye har abin ya zauna maka, sa'an nan ka nemi manhaja ta tabbatar maka. Ka fara daga inda muryarka take jin daɗi. Ka kuma sauke abin da kake bukata ka ajiye a cikin waya, domin mun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a wannan jiha a watan Satumba na 2021, wanda ilminsa yake rataye a intanet ya wayi gari ba malami.

Ga ɗaliban Hausa da na kimiyyar kwamfuta, musamman na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke wannan gari: ku haɗa kai. Praat da Audacity kyauta ne. Ku ɗauki waƙa guda ta Narambaɗa ko ta Kassu, ku auna matakanta, ku gwada da wata, ku ga ko makaɗin fada da makaɗin maza tsani ɗaya suke takawa. Ku tambayi tsofaffin 'yan karɓi sunayen da suke kiran waɗannan muryoyi da su. Wannan aiki ne da zai isa kundin digiri, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Ga ma'aikatan al'adu da na gidajen rediyo da na ƙananan hukumomi: ku ceci tsofaffin fayafai da kaset kafin su lalace, ku kuma ɗauki muryar dattawan da suka rage. Rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka da yawa a ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Ƙaura, bukukuwan da ake koyon kiɗa a cikinsu sun ragu, kuma makaɗi idan ya rasu da muryarsa yake tafiya. Larabawa sun tara masanansu a 1932, sun ɗauki muryoyin makaɗansu a faifai, ga shi jikokinsu suna cin moriya har yaron Ƙaura yana koya. Mu ma muna da abin da za mu ajiye wa namu jikokin.